Sabon koyil, tsohuwar waya: yadda ake zaɓen wayar fulogi ga tsohon babur

A ƙauyukan da ke tsakanin Funtua, Bakori, Danja da Malumfashi, babur ne jakin zamani. Shi ke kai buhun taki gona, ya kai masara kasuwar Dandume, ya kai mara lafiya asibiti. Yawancinsu kuma sun kwana biyu: Jincheng, Bajaj Boxer, da Honda CG125 da aka fara ƙerawa tun 1975, tare da ire-irenta na China.

Idan irin wannan babur ya fara wuyar tashi, bakanike yakan ce a sauya koyil. Sai a sayo sabo, wai mai ƙarfi, a ɗaura. Bayan kwana biyu babur ya koma tari, musamman idan an yi ruwa. Sau da yawa laifin na wayar da ke kai wuta daga koyil zuwa fulogi ne.

Me wayar ke yi?

Koyil na ɗaga wuta zuwa sama da volt 10,000 domin ta tsallake ɗan gibin da ke bakin fulogi. Wuta mai wannan ƙarfi tana bin hanya mafi sauƙi ne. In robar wayar ta tsage saboda zafin inji da rana, sai ta tsallaka jikin ƙarfen babur kafin ta kai fulogi. Koyil mai ƙarfi ba ya toshe wannan kafa, kuma laimar damina na ƙara buɗe ta.

Waya iri uku ce a kasuwa

Ta farko mai jan ƙarfe a ciki. Kusan ba ta rage wuta ko kaɗan, kuma ita ce akasarin tsofaffin babura suka zo da ita, mai kaurin milimita 7.

Ta biyu mai zaren kabon, irin ta mota. Tana da turjiya ta dubban om, kuma zaren cikinta ba ya jure ɗaurin sukurun da ke bakin koyil da hular fulogin babur. Wanda ya yanko ta daga tsohuwar mota don ya rage kuɗi, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Ta uku mai siririn ƙarfe da aka naɗe kamar sifirin. Tana da kyau, amma tsadarta ta fi amfanin da ƙaramin inji zai samu.

Ga babur mai silinda ɗaya, mai jan ƙarfen ta wadatar.

Lissafin rizista

Nan ne ake yawan kuskure. Tartsatsin fulogi na fitar da hayaniyar lantarki da ke iya rikita akwatin CDI, da cajar waya, da na'urar bin sawun babur. Maganinta rizista ce ta om 5,000, wadda ke zama a cikin hular fulogi ko a cikin fulogin kansa. A fulogin NGK, harafin R ne alamarta: C7HSA ba shi da ita, CR7HSA yana da ita. Haka D8EA da DR8EA.

Ga tsohon babur, rizista ɗaya ta isa. Idan aka haɗa wayar kabon da hula mai rizista da fulogi mai R, turjiya ta taru ta wuce om 10,000, wutar tsohon magneto ta raunana. Idan kuma babu ko ɗaya, na'urorin lantarki ne za su ji jiki.

Kafin a biya kuɗi

A tabbatar koyil ɗin ya dace da babur. Na CDI yakan nuna ƙasa da om 1 a ɓangaren da wuta ke shiga, na kwantak kuwa ya fi haka. Musanya su na kawo raunin wuta ko ƙonewar kaya. Wasu koyil ɗin ma a manne suke da wayarsu, ba a iya sauya ta ita kaɗai.

A sa mita a gwada. Wayar jan ƙarfe ta nuna kusan sifiri, hula mai rizista ta nuna wajen 5,000. In bakin wayar ya yi kore, a yanke kamar santimita 1 a sake murɗa hular. A bi da wayar nesa da salansa da kan inji, kada ta yi ta gogar ƙarfe. Gibin fulogi irin C7HSA da D8EA kuwa milimita 0.6 zuwa 0.7 ne.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: a tayar da babur cikin duhu a duba jikin wayar. In an ga shuɗin tartsatsi na tsalle, ta gama aiki. Kada kuma a buga kik alhali fulogi na lilo bai taɓa jikin inji ba, domin hakan na iya lalata koyil ko CDI.

A yankin da kowa ke son ya isa gida kafin magariba, mutuwar babur a hanyar daji ba ƙaramin abu ba ne. Wayar da ba ta kai kamu biyu ba ta cancanci a duba ta kafin ruwan sama ya kankama.