Yadda Dawa Ke Kare Kanta a Lokacin Fari

Ɗan'uwa manomi, idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, za ka ga ganyen dawa ya naɗe da rana, ya kuma warware da sanyin safiya. Wannan ba alamar mutuwa ba ce. Shukar ce ke tattalin ruwan jikinta.

A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga domin haɗa abinci, ta nan kuma ruwa ke fita. Da zarar ƙasa ta fara bushewa, shuka takan ƙara samar da wani sinadari mai isar da saƙo a jikinta, wanda masana ke kira absisik asid. Shi ke sa ƙofofin su rufe, girman ganye ya ragu, saiwa kuwa ta ci gaba da nutsawa neman laima. Sai dai muddin ƙofofin na rufe, abinci ba ya haɗuwa sosai. Shi ya sa farin da ya faɗo lokacin da dawa ke fitar da kai ya fi kowane ɓarna.

Akwai wata kariyar kuma, wadda ta fi shafar mai dabbobi. Ƙaramar dawa na ɗauke da wani sinadari na kare kai daga ƙwari da dabbobi. Idan aka tauna ganyen, sai ya saki gubar sayanayid. Yayin da dawa ke girma, ƙarfinsa yakan ragu, amma fari yakan tsayar da girman, gubar ta taru a ɗan ganyen da ke akwai. Yawan takin yuriya yana ƙara ta. Gyauro da sabon tohon da ya fito bayan ruwa ya dawo su ne mafi haɗari. Saniya, akuya ko tunkiyar da ta ci da yawa takan kama haki da makyarkyata, ta faɗi, wani lokaci cikin ƙasa da awa guda.

Saboda haka kada ka bar dabbobi su shiga dawar da ba ta kai santimita 60 ba, wato wadda ba ta wuce gwiwa sosai ba, musamman idan suna cikin yunwa. Bayan fari, jira aƙalla mako guda da dawowar ruwa. In ya zama dole ka ciyar da ita, yanke ta, ka shanya ta bushe sarai, sannan ka gauraya da harawa. In ka ga alamun guba, kira malamin dabbobi nan take.