Masu Tsaron Dajin Kamuku: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

'Yan uwa mata, yau filin namu zai fita daga ɗakin girki ya leƙa daji, amma kada ku ce an yi nisa, domin wutar da muke hurawa a murhu tana da dangantaka da dajin nan. Duk matar da ke zaune a Kurmin Mashi ta san hanyar da ta bi ta Mando ta miƙe yamma zuwa Birnin Gwari. In aka yi tafiyar kamar kilomita 120 a kanta, za a iske Gandun Dajin Kamuku, wanda faɗinsa ya ɗara murabba'in kilomita 1,100. Tun 1936 En'e ta keɓe shi, sa'an nan a 1999 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin manyan gandayen ƙasa, irin su na Tafkin Kainji da Gashaka Gumti. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara.

Daji ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, gidan gwanki da gada da mugun dawa da birai, da tsuntsaye iri iri. A da har giwaye kan ratsa ta cikinsa. To, wannan dukiya ba ta tsare kanta. Akwai waɗanda aka ɗora wa tsaronta, waɗanda iyayenmu ke kira malaman daji, kuma kusan kowannensu yana da mata da 'ya'ya da ke jiran dawowarsa.

AIKINSU DA DOKA

Dokar gandayen ƙasa ta 1999 ta hana farauta a cikin gandu, da saran itace, da shigar da dabbobi kiwo, da cinna wuta, da haƙar ma'adinai, sai fa wanda aka ba izini a rubuce. Mai tsaron gandu yana da kayan sarki da bindiga, yana kuma da ikon kama wanda ya karya doka, ya karɓe tarko ko zarto ko naman da aka samu a hannunsa, ya miƙa shi gaban shari'a. Ba shi da ikon dukan mutum ko cin tararsa a gefen hanya. Hukunci na alƙali ne.

Yawancin aikin nan da ƙafa ake yinsa. Su kan fita sintiri su biyar ko su shida, su yi kwanaki a daji da ɗan garin rogo da ƙuli-ƙuli da gorar ruwa, suna bin sawu, suna kwance tarkuna, suna lura da hayaƙi. Da kaka kuma su share hanyar wuta a bakin gandu, su ƙone busasshiyar ciyawa kaɗan kaɗan tun tana da sauran danshi, don kada gobarar hunturu ta zo ta cinye komai.

Wahalar aikin kuwa ita ce, mutumin da za ka kama sau da yawa maƙwabcinka ne: maharbin ƙauye, ko mai toya gawayi, ko makiyayin da kuke gaisawa a kasuwa. In ka kama shi ka yi baƙin jini, in ka ƙyale shi ka ci amana. Gaba kura, baya siyaki.

DA DAJI YA CANZA

Wannan duk wahalar da aka saba da ita ce. Abin da ya ɗaga hankali shi ne shigowar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, waɗanda suka mai da dajin Kamuku da na Kuyambana maɓoyarsu. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kai da soja aka shiga cikinsa, aka ƙwato dubban shanu, amma ɓarnar ba ta ƙare ba. Shekaru da dama hanyar Birnin Gwari ta zama abin tsoro, masu zuwa kallon namun daji suka ɗauke ƙafa. Mai gadin da aka koya wa kama maharbi mai bindigar toka, sai ga shi yana fuskantar mutum talatin a kan babura da manyan bindigogi.

Mu mutanen Kaduna ba labari aka ba mu ba. A daren 11 ga Maris 2021 'yan bindiga suka faɗa Kwalejin Aikin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, nan bayan Mando, suka kwashi ɗalibai 39, mafi yawansu 'yan mata. Sai a watan Mayu na shekarar na ƙarshensu suka koma ga iyayensu. Yaran nan ilmin kula da daji suka je nema.

Maƙwabtanmu ma abin bai ƙyale su ba. A ranar 9 ga Agusta 2020, a dajin raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, an kashe mutum takwas: ma'aikatan agaji shida 'yan Faransa, da direbansu, da ɗan jagoran da ke nuna musu daji. A gandun Birunga na ƙasar Kwango kuwa, masu gadi fiye da 200 ne suka rasa rayukansu a bakin aiki. Ƙungiyar masu tsaron daji ta duniya ta kan lissafta fiye da mutum 100 da ke mutuwa a wannan aiki kowace shekara, shi ya sa tun 2007 aka keɓe ranar 31 ga Yuli don tunawa da su. Allah ya jiƙansu.

A ƙarshen 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan wani sulhu da aka yi, kuma a watan Mayu 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron dazuzzuka. Duk wannan abin so ne. Sai dai ɗaukar mutum aiki daban, ba shi abin da zai dawo gida lafiya daban. Kowane ayarin sintiri yana bukatar rediyon oba-oba, domin wayar hannu ba ta kamawa a tsakiyar daji, da mota mai lafiya a kusa, da akwatin magani, da takalma masu kare ƙafa, da sanin asibitin da za a nufa tun kafin a fita.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Ba bindiga kaɗai ke kashe mai gadi ba. Akwai ambaliyar kogi da damina, da gobara, da hatsarin babur, da zazzaɓi, da kuma maciji. Abin da ake koya musu game da saran maciji zai amfani kowace uwa, domin kububuwa da kasa da gamsheƙa ba su san iyakar gandu ba, har bayan gida da gona suna zuwa.

In maciji ya sari mutum, a kwantar da shi, a hana shi gudu ko tafiya, a cire zobe da awarwaro da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A ɗora gaɓar a kan sanda ko katako don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan. Kada a tsaga wurin da reza, kada a tsotsa da baki, kada a ɗaure da igiya tamau, kuma kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, saboda haka tsaga tana ƙara ɓarna ne kawai. Maganinsa allurar kashe dafi, kuma a asibiti take. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112. Ya kamata yara ma su haddace ta.

RABONMU A CIKI

Ga matar mai gadi, shawara ta farko ita ce riƙe baki. Ranar da maigida zai fita, da inda ya nufa, da ranar dawowarsa, ba zancen bakin famfo ba ne ko na gidan biki, kuma ba abin aikawa a waya ba ne. Bango ma yana da kunne. Ta biyu, ki tabbata sunanki da na yara suna cikin takardunsa na ofis, ki kuma san inda ya ajiye takardar ɗaukarsa aiki. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta a yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza albashinsa na shekara uku ba. Tambayar wannan tun yana raye ba mugun fata ba ne. Sau da yawa rashin takarda ɗaya kan sa marayu su yi shekaru suna zarya.

Sauranmu kuma, mu dubi kasuwarmu. Ba don akwai mai saye ba, da babu wanda zai shiga gandu da dare ya sare ƙirya don gawayi, ko madobiya don katako, ko ya ɗana wa gada tarko. Kowane banda na naman daji da aka sayar a tasha, akwai wanda ya yi kasada da ransa don hana kashe dabbar. Mu daina sayensa. Wadda ke da hali ta koma gas, wadda ba ta da shi ta nemi murhu mai tsimin icce, ta riƙa rufe tukunya, ta jiƙa wake kafin ta ɗora, ta kashe ragowar wuta in ta sauke. Da ɗan wannan, buhun gawayi zai ƙara kwanaki, kuɗin cefane ma ya huta.

Ku kuma 'yan makaranta, kada abin da ya faru a Afaka ya sa ku ce aikin daji ba na mata ba ne. A Afirka ta Kudu tun 2013 akwai ayarin mata masu sintiri a kusa da gandun Kuruga, a Zimbabuwe ma an kafa wani a 2017. Nan gida akwai Kwalejin Kula da Namun Daji a Sabuwar Busa ta Jihar Neja, kuma gandu yana bukatar likitan dabbobi da malamar jinya da mai ilmin tsirrai, ba mai riƙe bindiga kaɗai ba. Ku dage da darasin kimiyya.

Sunan unguwarmu da kansa yana tuna mana da kurmi, amma yau sai gine-gine da kwalta. Idan muna so jikokinmu su ga gwanki da idonsu, su ci ɗanyen kaɗe daga gindinsa, to, mu rage wa masu tsaron Kamuku nauyi daga nan bakin murhu, mu kuma tambayi wakilanmu abin da aka tanada don lafiyarsu. Sai mako mai zuwa.