Tsinken Ƙashin Da Ke Matse Jijiyar Wuya

A Sanyinna, kamar yadda yake a sauran garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe, idan mutum ya daɗe yana kukan ciwon kai da jiri, yana kuma jin kamar ƙaya ta maƙale masa a maƙogwaro, akwai hanyoyin da aka saba bi da shi. Da fari za a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a sayo magani a kemis. In abin ya ƙi, sai a kai shi wurin wanzami ya duba belu, ko ya kafa masa ƙaho a ƙeya. In kuwa ya ƙara da cewa yana jin wani huci a kunne ɗaya, wanda ke tafiya daidai da bugun zuciyarsa, to nan ne dangi za su soma kallon juna, a shiga zancen iska ko sammu.

Galibin masu irin wannan kuka ciwonsu na cikin cututtukan da aka sani ne, kuma asibiti na iya gano su ba da wata wahala ba. Amma akwai 'yan kaɗan daga cikinsu waɗanda tushen wahalarsu wani ɗan siririn ƙashi ne da ke can ƙarƙashin kunne, inda ido ba ya gani, askar wanzami kuma ba ta kaiwa.

Kowane ɗan Adam yana da wannan ƙashi guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Daga gindin ƙoƙon kai yake tsirowa, ya nufo ƙasa wajen maƙogwaro, siffarsa kamar tsinke, likitoci kuwa suna kiransa sitailoid. Tsokoki uku ne ke manne da shi, masu taimakon harshe da maƙogwaro wajen haɗiya. Tsawonsa na al'ada bai wuce inci ɗaya da 'yan kai ba, watau santimita 2.5 zuwa 3. Idan ya zarce haka, ko kuwa igiyar da ta haɗa shi da ɗan ƙashin gindin harshe ta daskare ta zama ƙashi, sai a ce ya yi tsawo. Wurin da yake kuwa matsattse ne ƙwarai, domin ta nan jijiyoyin da ke kai saƙon ji da motsi zuwa fuska da harshe da maƙogwaro suka ratsa, ta nan kuma manyan jijiyoyin jini biyu suka bi: karotid mai kai jini ƙwaƙwalwa, da jugula mai dawo da shi zuwa zuciya.

An daɗe da sanin abin a ƙasashen Turai. Tun a 1652 wani likitan fiɗa na birnin Paduwa a Italiya, Pietro Marchetti, ya bayyana daskarewar igiyar nan. Amma wanda ciwon ya ɗauki sunansa shi ne Watt Eagle, likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Jami'ar Duke ta Amurka, wanda ya fara bayaninsa a 1937. Iri biyu ya rarrabe. Na farko shi ne mai zafin maƙogwaro da ke harbawa zuwa kunne, da jin abu ya tokare, da wahalar haɗiya. Na biyu shi ne wanda tsinken ke taɓa karotid, har a wani lokaci ya jawo suma ko shanyewar ɓarin jiki. Iri na uku, watau matsewar jugula, sai a 'yan shekarun nan ne aka mai da hankali a kansa. Waɗansu likitocin Amurka sun yi bayaninsa a 2012, sa'an nan a 2019 Paolo Zamboni da abokan aikinsa na Jami'ar Ferrara a Italiya suka buga bincikensu a kansa.

Yadda matsewar take faruwa ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa ban-ruwa a fadama. Ƙashin wuya na farko, wanda kai yake zaune a bisansa, yana da ɗan fiffike a kowane gefe. Jugula tana wucewa ne ta tsakanin wannan fiffike da tsinken. Idan tsinken ya yi tsawo ko kauri, ko ya karkata baya, sai hanyar ta tsuke, jijiyar ta lotsa kamar mesar da aka ɗora wa ƙafa. Jinin da ya kamata ya sauko sai ya riƙa jinkiri, ya nemi ƙananan hanyoyi ta bayan wuya. Daga nan ne ake samun nauyin kai, da hucin kunne, da jiri, da hazo-hazon gani, da rashin barci, da wani irin dushewar tunani wanda ɗalibi zai karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba, ma'aikaci kuma ya manta abin da aka ce masa da safe. Da yawa daga masu ciwon sukan ce abin ya fi tsananta in sun sunkuyar da kai ko sun juya wuya, waɗansu kuma in sun kwanta shimfiɗe, domin kuwa a kwance ne jugula take ɗaukar mafi yawan jinin da ke saukowa daga kai.

To, amma fa a nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara, musamman ɗaliban da sukan karanta alamun cuta su ga duk a jikinsu suke. Ƙididdigar da aka fi ambata a littattafan likitanci ita ce, wajen mutum 4 cikin 100 ne ke da dogon tsinke, kuma a cikin waɗannan ma 4 zuwa 10 cikin 100 ne kawai yake damu. Watau a garin da ke da mutum 10,000, masu dogon tsinke za su kai 400, amma waɗanda zai hana sakat ba za su wuce 16 zuwa 40 ba, masu matsewar jugula kuwa wani yanki ne kurum na wannan adadi. Bugu da ƙari, hotunan asibiti sukan nuna jugula a ɗan matse a wuyan mutane masu ƙoshin lafiya, waɗanda ba su taɓa kukan komai ba. Saboda haka ganin dogon ƙashi a hoto bai isa hujja ba, kuma har yanzu likitoci suna muhawara a kan wane ne aiki zai amfana.

Abin da ya fi dacewa ga mutumin Sanyinna, ko na Dogon Daji ko Kuchi, shi ne a fara da na kusa. A auna jini a ɗakin shan magani ko a babban asibitin Tambuwal, domin hawan jini da ƙarancin jini duka suna kawo ciwon kai da jiri, ƙarancin jini kuma yana iya sa hucin kunne. A duba haƙora da kunne da maƙoƙo. In duk an kawar da waɗannan kukan bai tafi ba, sai a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro, da cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa. Likita yakan sa yatsa can gefen maƙogwaro ya ji ko zai taɓo kan tsinken, ya leƙa cikin ido ya ga ko ruwan ƙwaƙwalwa ya yi ƙarfi, sa'an nan ya aika a ɗauki hoton siti sikan tare da allurar da ke haska jijiyoyin jini. Wannan hoton ne ke nuna tsawon ƙashin da inda jijiyar ta tsuke.

Tsakanin fara ciwo da gano shi akan daɗe, kuma a wannan tsakani ne mutane suka fi cutar da kansu. Babban abin da majinyaci zai yi wa kansa shi ne lura. Ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta lokacin da ciwon ke tashi, da abin da yake yi a sa'ar, da gefen da hucin yake, da maganin da ya sha. Littafin nan na wata ɗaya ya fi doguwar hira amfani a gaban likitan da layi ke jiransa. In ya ga sunkuyo ne ke ta da ciwon, sai ya ɗaga littafi ko waya zuwa daidai ido, ya ƙara wa tebur tsawo, ya riƙa miƙewa daga kan fayil lokaci-lokaci. Manomi ya rage doguwar duƙawa da ƙaramar fartanya, mace ta rage ɗaukar tulu ko dami a ka, ko da da gammo ne. Waɗansu suna samun sauƙin barci in an ɗaga wajen kan gado da bulo, yadda ƙirji da kai za su tashi tare. Tara matasan kai kuwa, har haɓa ta dafe ƙirji, ƙara lanƙwasa wuyan yake yi. Kada a ɗaure wuyan riga ko rawani ya shaƙe. Wanda ruku'u da sujada ke jefa shi cikin jiri mai tsanani, ya tambayi malami irin sauƙin da shari'a ta yi wa majinyaci.

Akwai kuma abubuwan da barinsu ya zama tilas. Cire belu ba ya taɓa tsinken ko kaɗan, abin da yake bari shi ne zubar jini da miki, wani lokaci da cutar da aska ta ɗauko daga wani. Murɗe wuya don a ji ya yi ƙara, ko matsananciyar tausa a ƙarƙashin muƙamuƙi, ya fi wannan haɗari, domin tsinken na iya karyewa ko ya yi wa karotid rauni. Sai kuma maganin kemis. Wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana iya zama mai ta da ciwon kan, ga kuma ɓarnar da irin su diclofenac da ibuprofen ke yi wa ciki da ƙoda in an daɗe ana sha. Tramadol kuwa ƙofar wata wahala ce dabam. Magungunan da ke kwantar da zafin jijiya, irin su gabapentin da amitriptyline, da allurar kashe zafi a gindin tsinken, da acetazolamide ga wanda ruwan ƙwaƙwalwarsa ya yi ƙarfi, duk likita ne ke tsara su gwargwadon halin mutum.

Dangi su san alamun da ba a kwana da su a gida: hannu ko ƙafa ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe, gani ya ɗauke ko abu ɗaya ya zama biyu, ko ciwon kai irin wanda ba a taɓa ji ba ya sauko nan take tare da amai. Zazzaɓi da sandarewar wuya kuwa, musamman da bazara, a ƙasar Sakkwato sanƙarau ake fara zato, kuma a ranar ake neman mota.

Idan magani ya kasa, hoto da alamu kuma suka dace da juna, sai a yi zancen fiɗa. Ana gutsure tsinken ta cikin baki ko ta gefen wuya. Ga mai matsewar jugula an fi bin ta wuya, domin a kai ga gindin ƙashin a ga jijiyar sosai, wani lokaci har a ɗan kankare fiffiken ƙashin wuya na farko. Da dama sun sami sauƙi bayan aikin, waɗansu sauƙin rabi ne, waɗansu kuwa jijiyar ba ta buɗe ba. Jijiyar da ke motsa fuska tana dab da wurin, saboda haka akan sami raunin leɓe ko wahalar haɗiya, galibi na ɗan lokaci. Kafin a sayar da sa ko a jinginar da gona don kuɗin aiki, haƙƙin majinyaci ne ya tambayi likita abin da ya tabbatar masa cewa tsinken ne mai laifi, da irin aikin nan nawa ya taɓa yi, da abin da zai faru in an jinkirta wata shida ana magani.