Hoho Bayan Bari: Matsayin Rarrashi a Tarbiyyar Yaro

Hausawa sun ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan karin magana tamkar izini ne na juya wa yaro baya idan ya ji ciwo bayan an sha yi masa kashedi. Amma in aka duba asalin kalmar, hoho jaje ne, watau abin da ake faɗa wa wanda wata asara ta auka wa don a nuna masa tausayi. Ashe magabata ba su hana mai kunnen ƙashi jaje ba. Abin da suka ce shi ne, wanda ya ƙi jin magana zai kai kansa inda sai an yi masa jaje.

Wannan tambaya tana da wurin zama a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Birnin Kudu gari ne na duwatsu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, masu zane-zanen mutanen da, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Ƙasar Gwaram kuwa Kogin Bunga ne ya ratsa ta. Saboda haka kashedin iyaye a nan ba ya wuce waɗannan: kada a hau dutse, kada a shiga ruwa da damina, kada a tsokani kare, kada a sa hannu a rami. Yaro kuwa sai ya hau, sai ya shiga, sa'an nan ya komo gida da jini a gwiwa.

Masu cewa kada a rarrashe shi suna da hujja. Sun ce jiki magayi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ganinsu, in aka rungumi yaron da ya ƙi jin magana, an ba shi lada a kan laifi, gobe ma zai sake. Sai dai hujjar ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Ciwon da yaro ya ji ya riga ya koya masa darasin dutse, tun kafin ya iso ƙofar gida. Abin da ya saura ya koya a hannun iyayensa darasi ne dabam, watau wurin wa zai nufa in masifa ta same shi.

A nan haɗarin yake. Yaron da ya san duka ko tsawa ke jiransa zai koyi ɓoye rauni, ya ja riga ya rufe, ya yi shiru. Akwai kuwa raunukan da ɓoye su halaka ne. Alal misali, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Maganinsa gaggawa ce: a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti don allura. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya mai shi ya tashi. Haka sarar maciji, haka sukar ƙusa mai kawo sarƙewar haƙora. Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan a Birnin Kudu, amma likita ba ya warkar da ciwon da yaro ya ɓoye wa uwarsa kwana uku.

Masana halayyar yara sun yi bincike a kan wannan. A 1972 Silvia Bell da Mary Ainsworth sun buga sakamakon nazarin da suka yi a Baltimo ta Amurka, inda suka ga jariran da iyayensu mata ke hanzarin amsa kukansu sun fi ƙarancin kuka a ƙarshen shekararsu ta fari. Diana Baumrind kuma, a shekarun 1960, ta nuna cewa yaran da suka fi natsuwa su ne na iyaye masu haɗa doka da tausayi, ba na masu tsanani zalla ko masu sakaci ba. Bugu da ƙari, an gano sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da danne sha'awa, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Saboda haka yaro ɗan shekara 7 da ya manta kashedi yayin da ya ga tsaransa a kan dutse, ba lalle raini ne ya kai shi ba.

Addini ma bai goyi bayan bushewar zuciya ba. Ya zo a Buhari da Muslim cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sumbatar jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya nuna masa cewa marar jinƙai ba zai sami jinƙai ba.

Gidan Bahaushe na gargajiya ya warware matsalar ta hanyar raba aiki. Uba ya yi faɗa, uwa ta kau da kai saboda kunya, musamman ga ɗan fari, kamar yadda Baba ta Karo ta bayyana a littafin da Mary Smith ta buga a 1954. Amma yaro ba ya rasa mafaka: kaka za ta jawo shi da wasa, goggo ta shafa masa magani. Ma'aikacin da aiki ya kai Dutse ko Kano, yana zaune a gidan haya daga shi sai matarsa da 'ya'yansa, ba shi da kaka a tsakar gida. In ya riƙe tsananin kakanninsa ya bar rarrashinsu, ya ɗauki rabin al'ada ke nan ya yar da rabi.

Hanyar da ta dace tana da matakai uku, kuma jerinsu shi ne muhimmi. Da fari a duba raunin, a tsai da jini, a kai asibiti in da bukata. Na biyu a rarrashi yaro har kuka ya tsaya, domin mai kuka ba ya jin wa'azi. Na uku, bayan hankali ya kwanta, a zauna a tambaye shi abin da aka ce masa da abin da ya faru, a bar shi ya haɗa su da bakinsa. In horo ya kama, a hana shi fita wasa na wasu kwanaki, a kuma cika abin da aka faɗa. Ta haka doka ba ta faɗi ba, amana kuma ba ta karye ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, wanke shi ake yi a ɗaure.