Haƙora Huɗu Kacal: Dabarar Tayar Baya A Tseren Tsofaffin Babura

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke mai giya a cikinmu ya san abin da ake ji idan an zo hawan tudu. Sai ka mayar da kaca kan babban farantin baya, feda ta yi sauƙi, amma gudu ya ragu. Idan an sauko fili kuma, sai a koma kan ƙarami. To, wannan lissafi shi ne yake hana masu tseren tsofaffin babura barci a Ingila, domin babur faranti ɗaya ne da shi a baya, ba jeri ba kamar na keke.

Bari mu fara da lissafin, tunda dai kun yi shi a aji. A ce farantin gaba, wanda ke fitowa daga akwatin giya, yana da haƙora 20, na tayar baya kuma 50. Ku raba 50 da 20, za ku sami 2.5. Wato sai na gaba ya juya sau biyu da rabi kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan muka cire mai 50 muka sa mai 46, amsar ta koma 2.3. Bambancin haƙora huɗu ne kacal, amma babur ɗin da a da yake tsayawa a kilomita 160 cikin awa zai iya kai wajen 174, muddin injin na da ƙarfin jan sa. Abin da aka biya kuwa shi ne kuzarin tashi: babur zai yi nauyin fita daga kwana.

Shi ya sa babu farantin da ya dace da kowane fili. Hanyar tseren tsibirin Man, wadda zagaye ɗaya ya ɗara kilomita 60, tana da dogayen miƙaƙƙun wurare, don haka tana son ƙaramin faranti. Ɗan gajeren fili mai yawan kwana kuma babba yake so. Har iska ma tana da ta cewa. Idan ta juyo tana bugun ƙirjin direba, bakanike kan ƙara haƙori ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa 'yan mintuna ne kawai tsakanin gwaji da fara tsere.

A nan gizo ke saƙar. A yawancin tsofaffin baburan Ingila, irin su BSA da Triumph da Norton, farantin gaba yana ɓoye ne bayan kulochi, sai an kwance kusan gefe guda na babur kafin a kai gare shi. Na baya kuma, a samfura da dama, a jikin gidan birki aka ƙera haƙoransa, ƙarfe guda ne. Mai son sauya yawan haƙora sai ya sauya gidan birkin ɗungurungum.

Masu tsere a yau sukan kai gidan birkin wurin mai injin feƙe ƙarfe. Ya feƙe haƙoran gaba ɗaya, ya bar baki mai santsi, sannan ya huda ramuka a kewaye. Daga nan sai a riƙa ɗaura faranti na alminiyam da notuna, a ajiye biyar ko shida masu haƙora daban-daban a akwati. Wasu ma sukan yi amfani da faranti mai ɓari biyu, wanda ake haɗewa a jikin taya ba tare da an cire ta ba.

Aikin yana da sauƙin faɗa, amma rai ne a kansa. Idan ramukan suka kauce daga tsakiya ko da kaɗan, faranti zai riƙa rawa, kaca ta yi tauri a wuri guda ta saki a wani. Idan farantin baya bai yi layi ɗaya da na gaba ba, kaca na iya zamewa, kuma kacar da ta faɗa tsakanin faranti da taya ana tsaka da gudu tana iya kulle tayar nan take. Don haka ake ɗaure notunan da waya ko maganin hana kwancewa. Kuma duk lokacin da faranti ya sauya girma sosai, tsawon kaca ma sai an gyara.

Abin burgewa shi ne, akwai kamfanin da ya warware wannan matsala tun da daɗewa. Sunansa Vincent, a garin Stevenage da ke arewa da Landan. Philip Vincent ne ya kafa shi bayan ya sayi sunan HRD a 1928, ya kuma yi aiki da wani injiniya ɗan Ostireliya, Phil Irving. Tayar bayan manyan baburansu tana da gidan birki biyu, dama da hagu, kuma kowane gefe yana karɓar faranti. Sai mai babur ya ɗaura ƙarami a wani gefen, babba a ɗayan. Idan yana son sauyi, ya ɗaga babur kan ƙafarsa, ya kwance sandar tsakiyar taya da hannu, domin tana da mariƙi, ya zaro tayar, ya juya ta, ya mayar. Shi ke nan, giya ta sauya. Masu tseren keke na Faransa ma haka suke juya tayar baya a gindin dutse, kafin 1937 da aka ba su izinin amfani da na'urar sauya giya a babbar gasarsu. Sai dai tayoyin zamani da yawa suna da kibiya a jiki mai nuna gefen da za su juya, don haka mai Vincent na yau dole ya lura da irin tayar da ya saya.

Baburan Vincent ba na wasa ba ne. Black Shadow, wanda ya fito a 1948, yana kai kimanin kilomita 200 cikin awa. A shekarar ce kuma Rollie Free ya kwanta rub da ciki a kan wani Vincent, daga shi sai ɗan wandon iyo, ya haura mil 150 cikin awa a filin gishiri na Bonneville da ke Amurka. Kamfanin ya daina ƙera babura a 1955.

Wannan ne ya kawo mu ga gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu tsere da masu adana kayan tarihi. Ƙarfen da aka feƙe ba ya dawowa, kuma wasu sassan an daina yin su tun kakanninmu na samari. A 2018 an sayar da wani Vincent Black Lightning a Las Vegas kan dala 929,000, kuma abin da masu saye ke biya wa irin wannan kuɗi shi ne kayan asali. Mu dai muna ganin masu dabara su ne waɗanda ke cire tayar asali su ajiye ta a sito, su nemo wata ta gwanjo ko sabuwar ƙira su yi mata aikin. Ko a hakan ma, sai alƙalan gasa sun duba babur kafin ya shiga fili, domin kowane rukuni yana da dokarsa kan irin gyaran da aka yarda a yi wa babur na wancan zamani.