Zane Kafin Gini: Yadda Ake Tsara Buƙatun Manhaja, da Misalin Shagon Hayar Bidiyo

Jama'a, babu maginin kirki da zai soma aza tubali bai tambayi mai gida ɗaki nawa yake so ba, da inda ƙofa za ta fuskanta. In kuwa ya yi gaggawa, wata rana sai an rushe bango, an yi asarar siminti da kuɗin lebura. To, haka abin yake ga manhaja, watau jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta yi wani aiki. Yau masu shaguna da ƙungiyoyi da ofisoshi suna ba da kuɗinsu a rubuta musu manhaja, kuma sau da yawa sai an gama aikin sa'an nan gardama ta tashi: mai shago ya ce ba abin da ya nema ke nan ba, mai rubutu ya ce ba a gaya masa ba. Wannan ɗan littafi zai bayyana wata hanya mai sauƙi ta kauce wa irin wannan asara. Ba ta bukatar kome sai takarda da fensir da zama a yi shawara.

Asalin Hanyar

Wani injiniya mutumin Suwidin, Ivar Jacobson, wanda ya daɗe yana aikin na'urorin tarho a kamfanin Ericsson, shi ne ya fito da ita. Ya gabatar da ita ga taron masana a 1987, ya kuma bayyana ta a littafinsa na 1992. Daga baya ya haɗa kai da wasu masana biyu, Grady Booch da James Rumbaugh, suka tsara ƙa'idar zane guda ɗaya mai suna UML, wadda ƙungiyar OMG ta amince da ita a 1997. Cikin zane-zanen wannan ƙa'ida akwai wanda da Turanci ake kira yus kes. Mu a nan za mu kira shi zanen hidima, domin abin da yake nunawa ke nan: wane ne zai yi amfani da manhajar, kuma wace hidima yake so ta yi masa.

Dalilin Ɗaukar Shagon Bidiyo

Mun zaɓi shagon hayar bidiyo domin kowa ya san shi. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano cikin 1990, fina-finan Hausa suka bazu ko'ina a Arewa, da fari a kaset, daga baya a faifai. Shagunan haya suka cika unguwanni da kasuwanni, daga Kano har garuruwan bakin iyaka irin su Mubi. Gaskiya ne yau wannan sana'a ta ja baya ƙwarai, tun da wayar hannu da intanet suka karɓe kasuwar. Amma tsarinta yana nan daram a wajen masu ba da hayar kujeru da rumfunan biki da janareta: a ba da kaya, a rubuta suna, a jira a dawo da su.

Mu ɗauka cewa wani mutum yana da irin wannan shago a Betso, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa. Yana da yaron shago guda, da babban littafin da ake rubuta sunayen masu haya. Littafin ya tsufa, faya-fayai suna ɓacewa, bai san wanda ake bi bashi ba. Sai ya nemi wani ɗalibi mai koyon ilmin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi ya rubuta masa manhaja. Kafin ɗalibin nan ya taɓa kwamfuta, ga abin da ya kamata su zauna su yi.

Alamomi Huɗu

Zanen hidima yana da manyan alamomi huɗu. Ta farko ɗan mutum-mutumi ne irin wanda yara ke zanawa, kai da hannuwa da ƙafafu. Shi ne mai hulɗa, watau duk wanda zai yi ma'amala da manhajar. Ta biyu da'ira ce mai siffar ƙwai, a cikinta ake rubuta hidima guda. Ta uku babban akwati ne da ke kewaye dukan da'irorin, shi ne iyakar manhajar: abin da ke ciki aikinta ne, abin da ke waje ba ruwanta. Ta huɗu layi ne da ake ja daga mai hulɗa zuwa hidimar da ta shafe shi.

A lura, mai hulɗa matsayi ne, ba sunan mutum ba. In mai shago ya zauna a kan teburi ranar da yaronsa ya tafi kasuwa, a wannan rana shi ne yaron shago. Haka kuma mai hulɗa yana iya zama wata na'ura, kamar ta banki, in ana karɓar kuɗi da kati.

Yadda Za Su Zana

Da farko sai su lissafa masu hulɗa: mai shago, da yaron shago, da mai haya. Nan take tambaya za ta taso. Shin mai haya zai taɓa na'urar da hannunsa, ko kuwa ta bakin yaron shago zai yi kome? In ta bakin yaro ne, to yaron ne mai hulɗa na ainihi. Wannan tambaya guda tana iya rage rabin aikin, ta rage kuɗinsa.

Sa'an nan su rubuta hidimomi, kowace da kalmar aikatawa. Na yaron shago su ne: yi wa sabon mai haya rajista, nemo fim, ba da haya, karɓar faifan da aka dawo da shi. Na mai shago su ne: shigar da sababbin faya-fayai, cire waɗanda suka lalace, sa farashi, duba cinikin yini, duba waɗanda ba su dawo da kaya ba. Tilas kowace hidima ta zama aiki cikakke da ke biyan wata bukata. Danna maɓalli ba hidima ba ce. Ba da haya ita ce hidima.

Abin da ke Dole da Abin da ke Zuwa Jifa-jifa

Akwai dangantaka iri biyu tsakanin hidima da hidima waɗanda ake nunawa da kibiya mai tsinke-tsinke. Ta farko ita ce ta dole. Ba a ba da haya sai an duba rajistar mai haya, an ga ko akwai bashi a kansa. Saboda haka hidimar duba rajista tana ƙunshe cikin ba da haya kullum, kibiya kuwa takan tashi daga ba da haya ta nufi duba rajista.

Ta biyu ita ce ta jifa-jifa. Karɓar faifai aiki ne na kullum, amma cin tara ba ya zuwa sai in an wuce ranar da aka yi alkawari. A nan kibiya takan tashi daga cin tara ta nufi karɓar faifai, a rubuta sharaɗin a gefenta. Haka nan biyan diyya in faifai ya dawo a karce ko a fashe.

Lalle a nan ne amfanin zanen yake fitowa fili. Mai shago ya san duk waɗannan abubuwa a kansa, amma ba zai tuna ya faɗa ba sai an tambaye shi. In mutum ya aiko ƙanensa ya dawo da faifai fa? In yaron shago ya yafe wa abokinsa tara, wa zai sani? In yaro ƙarami ya nemi fim ɗin da Hukumar Tace Fina-finai da Bidiyo ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ta ware wa 'yan shekara 18 zuwa sama, me manhajar za ta yi? Kowace amsa ko dai ta haifar da sabuwar da'ira, ko ta gyara wata. Gyara a takarda gogewa ce da roba. Gyara bayan an gama manhaja kuwa kwanaki ne na aiki da ƙarin kuɗi.

Bayanin da ke Bin Zane

Zane shi kaɗai bai isa ba. Kowace da'ira tana bukatar ɗan bayani a rubuce, mataki bayan mataki. Ga na ba da haya: mai haya ya faɗi fim ɗin da yake so, yaron shago ya nemo sunansa, manhaja ta nuna ko akwai bashi, yaro ya shigar da lambar faifai, manhaja ta lissafa kuɗi da ranar dawowa, a biya, a rubuta. A ƙarƙashi sai a jera inda al'amari kan karkace: faifan yana hannun wani, ko mai haya ba shi da rajista, ko yana da tsohon bashi.

Akwai kuma abubuwan da zanen ba ya nunawa, tilas a rubuta su dabam. Misali, me zai faru da lissafi in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki? Da wane harshe manhajar za ta yi magana, Hausa ko Turanci? Wa ke da izinin ganin sunaye da lambobin wayar masu haya? Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne, gama Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tara irin waɗannan bayanai nauyin kiyaye su.

Kira ga Jama'a

Ya kai mai sana'a, kada ka biya kuɗin manhaja sai an zauna da kai an yi wannan zane. Ka kira yaron shagonka ya zauna, domin shi ne zai yi aiki da ita kullum, ya kuma san matsalolin da kai ba ka gani. In ka ga da'irar da ba ka gane ba, ka tambaya. In ka tuna wani aiki da babu shi a takarda, ka faɗa. Bayan kun amince, ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafi. Ranar da aka kawo manhaja, ka ɗauko takardar, ka gwada hidimomin ɗaya bayan ɗaya kafin ka cika kuɗi.

Ku kuma ɗalibai da masu rubuta manhaja, ku guji cika zane da alamomin da mai shago ba zai fahimta ba. Ku yi masa bayani da harshensa, ku saurara fiye da yadda kuke magana. Magabata sun ce tun ran gini ran zane. A wannan aiki kuwa, zanen ne ma ke gaba.