Shin Ko Kun San? Hedy Lamarr, Jarumar Fim Mai Ƙirƙira

Shin ko kun san cewa duk lokacin da kuka tura waƙa ta Bluetooth, saƙon yana tsalle ne tsakanin layuka 79 na rediyo, har sau 1,600 cikin daƙiƙa guda? Cikin waɗanda suka fara yi wa wannan dabara rajista akwai wata jarumar fim ta Hollywood, Hedy Lamarr.

An haife ta a Vienna, babban birnin Ostiriya, ran 9 ga Nuwamba 1914, sunanta na yanka Hedwig Kiesler. A 1933 ta auri Fritz Mandl, attajiri mai kamfanin ƙera makamai, mutum mai tsananin kishi da kulle. Yakan zaunar da ita a wurin liyafa don baƙi su ga kyanta, ita kuwa kunnenta na kan hirar injiniyoyi da hafsoshin soja. A 1937 ta gudu, ta haɗu da Louis B. Mayer na kamfanin MGM a Landan, ya sauya mata suna, ya kai ta Amurka. Fim ɗin Algiers na 1938 ya fito da ita, Samson and Delilah na 1949 ya kai ta ƙololuwa.

Shin ko kun san tana da teburin zane da kayan gwaji a gidanta? Can take komawa idan an tashi daga ɗaukar fim.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, jiragen Jamus masu nutso suka yi ta nitsar da jiragen ruwa a Tekun Atlantika. Hedy ta sa hankalinta kan torpedo, wato bam ɗin da ke gudu cikin ruwa. Ana iya sarrafa shi da rediyo, amma da zarar abokin gaba ya gano mitar da ake aika umarni a kai, sai ya cika ta da hayaniya, bam ya ɓace hanya. Sai ta ce to, kada saƙon ya zauna a mita ɗaya. Mai aikawa da mai karɓa su riƙa sauya mita tare, bisa wani tsari da su kaɗai suka sani. Kafin mai toshewa ya lalubo su, sun riga sun yi gaba.

Wuyar aikin ita ce yadda na'urorin biyu za su yi tsallen a lokaci guda, ba tare da ɗaya ta riga ɗaya ba. A nan George Antheil ya shigo, mai tsara kiɗa wanda ya daɗe yana fama da haɗa fiyano masu kaɗa kansu su tafi bai ɗaya. Irin wannan fiyano naɗaɗɗiyar takarda mai huji-huji yake bi. Suka ce a sa takarda iri ɗaya a jirgi da cikin bam, ta riƙa juya mita 88, daidai da yawan maɓallan fiyano. Ran 11 ga Agusta 1942 gwamnatin Amurka ta ba su takardar haƙƙin ƙirƙira mai lamba 2,292,387.

Amma rundunar sojan ruwan Amurka ta jingine dabarar. Aka nuna wa Hedy cewa ta fi amfani wajen tallar takardun lamunin yaƙi, ta kuwa yi, ta tara wa gwamnati miliyoyin daloli. Abin yana min ciwo: fuskarta suka ɗauka, suka bar ƙwaƙwalwar. Haƙƙin ya ƙare a 1959, shekarar da Antheil ya rasu, ko sisi ba su samu ba.

Sai dai a faɗi gaskiya: ba Hedy ce ta ƙirƙiro Wi-Fi ba, kamar yadda ake yawan yaɗawa. Wasu injiniyoyi sun taɓo tunanin sauya mita kafin ta, kuma Wi-Fi na yau wata hanya yake bi daban, ko da yake tsarinsa na farko na 1997 ya ƙunshi wannan tsalle. Abin da ta yi ya ishe ta daraja ba sai an ƙara masa gishiri ba.

A 1997 ƙungiyar Electronic Frontier Foundation ta karrama ta, tana da shekara 82. Ta rasu a jihar Florida ran 19 ga Janairu 2000. Sai a 2014 aka shigar da sunanta da na Antheil cikin zauren fitattun masu ƙirƙira na Amurka.